Yadda Nake Zance da Kaina a Bayan Littafin Bashi

Kowa ya san amsar "Ina kwana?" Ko mutum bai runtsa ba, "lafiya lau" zai ce. Mun tashi ana faɗa mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma haka ne, sai dai abin da aka daɗe ana haɗiyewa, mai cikin ma yakan manta me ya haɗiye. Ni a bayan littafin bashin shagona na Kantin Kwari na fara tono nawa, wata rana da kasuwa ta yi sanyi, ga biro a hannu ba wanda za a rubuta wa bashi. Ga yadda nake yi yanzu.

Ka sayi littafi mai araha, irin na 'yan makaranta mai falle 40. Mai tsada kwarjini yake yi, sai ka ga kamar maganar hikima kaɗai ta cancanci shiga. Waya kuwa ban yarda da ita ba: ga saƙonnin WhatsApp na faɗowa, ga gogewa ba wuya, alhali abin da hannu ke saurin gogewa shi ake nema.

Ni bayan sallar asuba nake zama, kafin yara su tashi, minti 15 kacal. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, James Pennebaker, ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi yi musu ciwo, minti 15 kullum har kwana huɗu a jere. Da farko ransu ya ƙara ɓaci, amma waɗanda suka haɗa labarin da yadda suka ji sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Saboda haka in ka tashi ranar farko kirjinka ya yi nauyi, ba kuskure ka yi ba. In nauyin ya fi ƙarfinka, ka rufe littafin ka nemi wanda ka amince da shi.

Ka sa kwanan wata, sannan kar ka fara da "raina a ɓace yake". Wannan jimla rijiya ce ba guga. Fara da abin da ya faru: ina kake, wa ya shigo, me ya ce, kai me ka ce, me ka so faɗa ka fasa. Ka rubuta da harshen da kake masifa da shi a zuci, ko boko ko ajami, ba ruwanka da ƙa'idar rubutu. In ka ƙare, ka rubuta "Da gaske?" a ƙasa, ka amsa. Ka sake tambaya, ka sake amsawa. Amsar farko ta jama'a ce, ita kake ba abokai a majalisa.

Na yi wata biyu ina rubuta cewa yayana ya zalunce ni a rabon gonar gado. Shafi bayan shafi, lissafi ne da kan iyaka. Wata asuba, a "Da gaske?" ta uku, sai hannuna ya rubuta cewa bai kira ni ba daren da jikin Baba ya tsananta, sai da safe aka ce mini in zo jana'iza. Na daɗe ina kallon layin. Ashe gonar ba ta taɓa damuna ba.

Kar ka karanta abin da ka rubuta a ranar. Bari sai Juma'a, ka bi shafukan mako, ka ja layi ƙarƙashin duk sunan ko kalmar da ke ta dawowa. Nan za ka ci gaba da haƙa mako mai zuwa.

Sai maganar ɓoyo, don gida ba ya rasa mai bincike. Sunayen mutane harafin farko kawai nake sawa, littafin kuma yana cikin durowar kuɗi mai makulli. In ya cika, ba na jefa shi a shara tunda da wuya shafi ya rasa sunan Allah. Ƙonawa nake yi. Shafin nan na yayana kaɗai na yage na ajiye. Yana cikin aljihuna ranar da na je gidansa da goro.