Darasi Na Bakwai: Bugu A Kan Takardu Na Musamman Da Firintar Gida

A darasin baya mun koyi kunna firinta da haɗa ta da waya ko kwamfuta, har kowa ya buga sunansa a kan farar takarda ya tafi da ita gida. To, farar takarda ba ta da gardama. Amma na san yawancinku ba don buga wasiƙa kuka zo ajin nan ba. Wata tana son sitikar da za ta liƙa a gorar kunun ayarta. Wani yana son ya riƙa buga hoton fasfo a shagonsa na Tudun Wada, kada mai saye ya wuce shi zuwa Sabon Gari. Wani kuma katin walimar saukar ɗansa ne a gabansa. Duk waɗannan ba a kan takardar wasiƙa ake yin su ba, kuma kowace takarda da nata hali.

Ku fara riƙe wannan: ƙaramar firintar da muke da ita a gida ba ta da ido. Ba ta san abin da aka zura mata ba. Kai ne za ka duba takardar, ka san fuskarta, sannan ka gaya wa firinta irin wadda ka sa.

Yadda firinta ke zuba tawada

Firinta iri biyu ce. Akwai mai garin tawada, wadda ake kira lesa, irin ta masu fotokwafi a Samaru da Kongo. Ita da zafi take manna rubutu. Akwai kuma mai tawadar ruwa, irin tamu: Epson L3110 ko L3210, ko Canon PIXMA, ko HP DeskJet. A cikinta akwai wani ɗan kai da ke kai da komowa, yana fesa tawada ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya iya gani. Tawadar kala huɗu ce: baƙa, da rawaya, da shuɗiya mai haske, da ja mai ruwan hoda. Daga huɗun nan take haɗa duk kalar da kuke gani.

Tun da tawadar ruwa ce, dole sai takarda ta sha ta. Farar takarda tana shan tawada kamar yadda yashi ke shan ruwa, ta shige ciki ta bazu, shi ya sa hoto ke fitowa dishi-dishi a kanta. Takardar hoto kuwa an shafa mata wani abu a fuska wanda ke kama kowane ɗigo a inda ya faɗi. Akwai kuma takardar da ba ta sha ko kaɗan, kamar an zuba ruwa a kan tangaran.

Wannan ta ƙarshe ita ta taɓa ba ni kunya. Lokacin saukar 'yar ƙanwata na ɗauki nauyin katin gayyata. Na je na sayo wani kati mai sheƙi, wanda masu ɗab'i ke kira at-kad, don na ga ya fi takardar hoto araha nesa ba kusa ba. Ban gwada ko ɗaya ba, na danna guda arba'in na fita sallar la'asar. Da na dawo na tarar sun fito, sun hau kan juna. Ina ɗaga na sama sai na ga bayansa ya kwashe rubutun na ƙasa. Koren zanen da na yi wa gefen katin yana tafin hannuna. Na shanya su a kan tabarma har washegari, amma ko da hantsi ya yi, in ka goga yatsa sai sunan yarinyar ya bi yatsan.

Mai shagon bai cuce ni ba, abin da na nema shi ya ba ni. Zariya garin ɗab'i ne tun tuni. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Don haka da yawa daga takardun da ke shagunanmu na manyan injinan ɗab'i ne, waɗanda tawadarsu mai maiƙo ce. Sheƙi kaɗai ba ya nuna takarda ta dace da mu. In za ku saya, ku duba bayan fakitin, ku nemi kalmar nan mai haruffa shida: Inkjet, wato sunan firinta mai tawadar ruwa da Turanci. In babu ita, ku ce, "Alhaji, ba ni ƙwaya ɗaya in je in gwada." Haka kuma kada a kai takardar hoton firintarmu wajen mai lesa, domin zafin injinsa yana iya narkar da shafin fuskarta ya ɓata masa inji.

Lambar da ke jikin fakiti

A kowane fakiti za ku ga lamba, kusa da ita an rubuta gsm. Nauyin takarda ke nan. Ana nufin in aka yanko falle mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, giram nawa zai yi a sikeli. Takardar wasiƙa 70 ce ko 80. Takardar hoto takan kama daga 180 zuwa 260. Katin gayyata da na satifiket sukan kai 200 ko 250.

Ga ɗan lissafi. Takardar A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7, kuma guda 16 ne ke cika waccan mita. Ke nan falle ɗaya mai lamba 80 nauyinsa giram 5. Rim ɗaya falle 500 ne, wato kilo biyu da rabi.

Amfanin sanin lambar shi ne, kowace firinta tana da iyakar kaurin da take iya ja, kuma an rubuta shi a ɗan littafin da ya zo da ita. Wadda ake sa wa takarda ta baya, a tsaye, ta fi iya kati, don takardar ba ta lanƙwasa sosai a hanya. Wadda ke da aljihu a ƙasa sai ta naɗe takardar kafin ta fito, kati mai kauri yakan maƙale. Ko wace iri ce, kati ɗaya-ɗaya ake sa shi. In ya maƙale kada a fizge. A kashe firinta, a ja shi a hankali da hannu biyu.

Wace fuska?

Yawancin takardun nan fuska ɗaya ake buga musu. Mai sheƙi ba wuya, sheƙin ake bugawa. Marar sheƙi ce ke ruɗa mutum. Fuskar bugu ta fi haske da laushi. In har yanzu ba ku gane ba, ku ɗan jiƙa kan yatsa ku taɓa kusurwa: gefen da ya ɗan kama yatsa shi ne na bugu.

A firintar da ake sa wa takarda ta baya, fuskar bugu tana kallonku. A mai aljihun ƙasa, tana kallon ƙasa. Mai shakka ya ɗauki farar takarda ya yi mata alama da fensir, ya buga kalma ɗaya, ya ga gefen da ta fito. Kuma a riƙa kama takardar hoto ta gefe-gefe, domin maiƙon hannu yana hana tawada zama.

Gaya wa firinta

Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Kafin a danna bugu, a waya ko a kwamfuta, akwai wurin zaɓen irin takarda. Da Turanci yake zuwa, don haka ku kwafi kalmomin nan uku a littafinku, ku riƙa gane su da ido. Plain ita ce farar takarda. Glossy ita ce mai sheƙi. Matte ita ce mai shafi amma marar sheƙi. Abin da kuka zaɓa shi ke sa firinta ta san yawan tawadar da za ta fesa, da saurin da za ta yi. In aka sa takardar hoto aka bar ta a kan Plain, hoton yakan fito da layi-layi, kalarsa a kwance. In aka sa farar takarda aka zaɓi Glossy, sai ta jiƙe sharkaf ta yi kumburi, an yi asarar tawada a banza. A duba girma ma: A4 ne, ko ƙaramar takardar hoto mai santimita 10 da 15.

Hoto mai kyau yana ɗaukar lokaci. In kun ga firinta tana tafiyar hawainiya, aikinta take yi. Ya fito, a ɗauke shi a shimfiɗa shi kaɗai, kada wani ya hau kansa. Wanda za a sa a firem ko a liƙe da leda a bar shi ya kwana.

Sitika da gorar kunun aya

Wata ɗalibarmu daga cikin birni ta buga sitika mai kyau ƙwarai, da sunan sana'arta da zanen aya da dabino. Bayan kwana biyu ta shigo aji da gora a hannu, fuskarta ba walwala.

"Malam, dubi abin da ya same ni. Daga kula na ciro ta."

Jan ya gangaro ya shiga rawayan, lambar wayarta ta zama tabo. Na ce, "Hajiya, ba ke kika yi kuskure ba. Ƙanƙara ce ta hukunta tawadar."

Tawadar firinta iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa cikin ruwa kamar shuni. Kalarta tana da haske, ita ce ta fi yawa a firintocin gida, amma ba ta jure ruwa, kuma rana tana koɗar da ita. Akwai kuma mai ƙwayar launi, wadda masu sayarwa ke kira figiment. Ita tana zama a fuskar takarda, ta fi jure ruwa da rana. Wasu firintocin baƙarsu figiment ce, sauran ukun na rini.

Mai sayar da yaji, ko turaren wuta, ko garin kunu, sitikar takarda ta ishe ta, tun da kayanta busassu ne. Amma mai zoɓo da kunun aya da fura, wadda gorarta ke kwana cikin ƙanƙara, sai ta yi ɗayan biyu. Ko ta nemi sitikar roba wadda aka yi don firintar tawada, ko kuma bayan bugun ya bushe ta rufe fuskarsa da farin salatif mai faɗi, ya zarce gefen sitikar kaɗan don kada ruwa ya sami ƙofa. Hajiya dabara ta biyun ta ɗauka, don ita ce daidai aljihunta, kuma har yau da ita take aiki.

Ina roƙonku abu biyu. Kada wanda ya ji na yabi figiment ya je ya sayo ya tuttula a tankin da ke da tawadar rini. Haɗa su yana iya toshe kan firinta, kuma kuɗin sabon kai ba kaɗan ba ne. Na biyu, takardar sitikar da aka riga aka ɓare wani sashe nata ba a mayar da ita cikin firinta. Ragowar yana ɓallewa ya manne a kan robar da ke jan takarda.

Bugu a riga

Masu yi wa 'yan makaranta ko 'yan ƙwallo riguna suna amfani da takardar da ake gogewa a kan yadi. Iri biyu ce. Ta farar riga sai an juya rubutun kamar a madubi kafin a buga, don kife ta ake yi a kan rigar. Kalmar da za ku nema a allo ita ce Mirror. Ta baƙar riga ba a juyawa. Rigar auduga ta fi karɓa. A goge a kan tebur mai ƙarfi, da dutsen guga mai zafi, ba tururi, a danna da ƙarfi gwargwadon lokacin da aka rubuta a fakitin. Kada a wanke sai ta kwana, kuma a juya cikinta waje in za a wanke.

Hunturu da damina

Yanayin garinmu yana shiga cikin aikin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce da bushewa. Ƙura tana kwanciya a kan takarda ta bar fararen ɗigo a hoto, iska kuma tana busar da tawada a bakin ƙofofin nan na kan firinta. Maganin mai sauƙi ne: a rufe firinta da zane mai tsabta, kuma ko ba aiki a buga wani abu mai kala sau ɗaya a mako. In layi ya fara yankewa, akwai umarnin wanke kai a cikin saitin firinta, amma yana shan tawada, kada a mayar da shi abin yi kullum.

A watan Agusta kuwa takarda ce ke shan danshi, ta lanƙwashe, bugu ya daɗe bai bushe ba. A bar ta cikin ledarta a kwance, ba a jingine ba, a ciro iya wadda ake buƙata.

Sai batun wuta. Irin wannan firinta ba ta jan wuta da yawa, ƙaramar sola ma tana ɗaukarta. Amma a riƙa kashe ta da maɓallinta kafin a zare wayar wutarta daga bango, domin a lokacin ne kan ke komawa mazauninsa ya rufe. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da zarar an kawo a kunna ta, kada kan ya kwana a buɗe.

Aikin gida

1. Falle ɗaya na A4 mai lamba 80 giram 5 ne. Giram nawa ne mai lamba 160?

2. Hajiya tana yanka sitika mai faɗin santimita 6 da tsawon santimita 5. Uku ke shiga a jere, layi biyar a falle. Sitika nawa ke fita a falle ɗaya? Falle nawa za ta saya don gora 60?

3. Ku rubuta kalmomi huɗun nan sau uku-uku, da ma'anar kowace da Hausa: Plain, Glossy, Matte, Mirror.

4. Ranar Asabar kowa ya zo da falle ɗaya na takardar da yake son amfani da ita a sana'arsa, tare da fakitinta in akwai. Mai sitika ta haɗo da gora ɗaya da kofin ruwa, za mu gwada a aji.