Kwanson gurnetin eyasof mai amfani da gas: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Masu wasan eyasof, wato wasan harbi da bindigogin wasa masu harba ƙananan 'ya'yan roba, a Zariya ba mu da yawa, kuma kusan duk wanda ya sayi lanca, wato bindigar da ake sa kwanson gurnetin a ciki, yana fara ƙorafi ne da cewa bindigar ba ta da ƙarfi. Toh malam, lancar nan bututu ce kawai da wani ɗan tsinke a baya wanda ke danna maɓallin gindin kwanso. Gas ɗin da bawul ɗin da ke tsare shi har a harba da 'ya'yan roban duk a cikin kwanson suke, wannan mai faɗin milimita 40, don haka in harbi ya fito a sanyaye kwanson za ka bincika.

Wurin sayayya ake fara tafka kuskure. Mutum ya ga wanda ke cin 'ya'ya 168 ko sama da 200 sai ya ce shi ne babba, alhali gas ɗin da zai tura su kusan ɗaya ne da na ƙaramin, yawansu sai dai ya raba ƙarfin, ka ji fuuu sun zube nan gabanka. Masu cin 100 zuwa 120, irin na kamfanin Madbull ɗin nan mai 108, sun fi zuwa da karsashi. Sannan tsawo, dogon kwanso ba kowace lanca yake shiga ba, musamman samfurin M203 da ake zuge bututunta gaba, wata ba ta buɗewa sosai. Ka auna kafin ka tura kuɗi, don mayar da kaya ƙasar waje daga nan wahala ce. Kuma kar ka sa ran nisa, mita 10 zuwa 20 ne aikinsa, na share lungu ne ko bakin ƙofa.

Batun gas shi ne inda aka fi ɓarna. Yawancin kwansuna an yi su ne don girin gas, wato furofen da aka gauraya da ɗan man silikon, matsinsa wajen ba 8 (ba, wato bar a turance, ma'aunin matsin iska ne) a yanayi mai digiri 20. CO2 kuwa, wato iskar kabon dayoksaid, a wannan yanayin ya haura ba 55, ka tuna tayar mota da mai faci ke yi wa iska ba ta cika wuce ba 2 da rabi ba. Wanda ya ɗura CO2 a kwanson da ba a rubuta yana ɗauka ba, in ya yi sa'a zoben roba ne zai fashe, in bai yi ba ƙarfen ne zai tsage a hannunsa. Ko wanda aka yi don CO2 ɗin ma sai da caja mai sarrafa matsi. Wasu kuma da yake gwangwanin girin gas na wuyar samu, tunda ba a ɗauko shi a jirgi kamar sauran kaya, sai su koma gas ɗin laita ko na girki. Na laita butan ne, matsinsa wajen ba 2 ne kawai, ba zai tura komai ba, na girki kuma gauraye ne ba ka san me ke ciki ba, ga wari ga babu mai a ciki, haba ɗan'uwa.

Ɗurawar kanta akwai ƙa'ida. Kafin komai ka mayar da bawul mazauninsa, bayan kowane harbi yana zama a buɗe, sai ka tura shi da ɗan sanda ko bayan biro har ka ji ƙas, 'ya'yan boris ɗin ciki sun kama, maɓallin gindi ya daidaita. Duk wanda ya manta wannan zai ji gas na fita shiii ta gaba ya ce an sayar masa da mai yoyo. Gwangwanin kuma a kife ake riƙe shi, baki ƙasa, don ruwan gas ɗin ake so ya shiga, in ka riƙe shi a tsaye tururin kawai ka ɗura. 'Yan daƙiƙu sun isa. Ni dai a ganina gas ake fara sawa sannan 'ya'ya, saboda da yawa bakin ɗurawarsu a gaba yake, fuskarka na kallon ramukan, in ya tashi da kansa gara ya tashi ba komai ciki. Bayan ɗurawa zai yi sanyi ƙalau, ka ba shi minti biyu uku a hannu ko aljihu ya ɗan yi ɗumi.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. Safiyar hunturu a Disamba da Janairu gas kan yi kasala, harbin ya fito ba kuzari, ba lalacewa ya yi ba, kuma dan Allah kar a kai shi kusa da wuta ko garwashin mai shayi wai a ɗumama, abu ne mai kamawa. A Maris da Afrilu kuma akasin haka, furofen a digiri 40 ya kusa ba 14, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa, ba a barin kwanso cike ko gwangwani a kan dashbod.

Sai mai. Wallahi nan ne zoben roba ke mutuwa, ana shafa masa man keken ɗinki ko baƙin mai ko basilin ko a fesa WD-40, duk daga fetur aka samo su, suna iya kumbura roban ya yi laushi ya fara yoyo. Man silikon zalla, ɗigo ɗaya biyu a zoben da bakin bawul, shikenan. Kar a cika shi kuma, ƙurar hunturu in ta samu maiƙo sai ta zama taɓo ta cije 'ya'yan boris. In za ka ajiye ka bar ɗan gas kaɗan ciki ya riƙe zoben a matse, ka zazzage 'ya'yan roban. In za ka kwance shi ka tabbatar ba gas, ka yi a cikin faranti ko tire, ƙananan boris ɗin nan in ɗaya ya gangara tsakar gida sai dai haƙuri.

'Ya'yan roba masu nauyin giram 0.12 zuwa 0.20 sun wadatar, ba sai ka zuba masu tsada na 0.28 ba, nauyi ne kawai za su ƙara. Waɗanda aka tsince a ƙasa da yashi jikinsu kam suna cinye zoben da ke riƙe su a bakin ramuka, daga nan su riƙa zubowa in ka sunkuyar da lancar.

Kwanso cike in ya faɗi ta gindi a kan dutse zai iya tashi, haka in an jefa shi jaka ɗaya da makullai. Kowa a wurin ya sa tabarau mai rufe ido ruf, irin mai shaidar ANSI Z87.1, ba gilashin kwalliya ba. Samfurin 40 Mike da ke sakin 'ya'ya 150 a layi guda filayen wasa da dama a ƙasashen waje sun hana shi, sai 'yan wasa sun yarda tukuna.

Kuma Zariya gari ne na sojoji, ga Defo ga barikin Basawa, ga shingaye a hanyar Kaduna da Kano. Abin nan daga nesa ba mai bambance shi da na gaske, kalmar gurneti ma kaɗai ta isa ta jawo maka kwana a caji ofis. Jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su kwata-kwata akwai ƙaramar bindiga mai aiki da iska a ciki, saboda haka ka tambayi matsayin doka wurin hukuma kafin ka yi oda. A cikin jaka rufe ake ɗaukar sa, ba gas ba 'ya'ya, a yi wasa a killataccen fili da izinin mai wurin, a sanar da mai unguwa da 'yan sandan yankin tun kafin ranar.