Yadda Ake Tsara Ba da Umarni a Wasan Yaƙi na Ƙananan Mutum-mutumi

An sha tambayata yadda za a hana wasan rikicewa idan 'yan wasa sun kai shida. Ga matakan, da misalin yaƙin Waterloo na 1815.

1. A zaɓi babban kwamanda ɗaya a kowane ɓangare: Napoleon ga Faransa, Wellington ga Birtaniya da ƙawayenta.
2. A raba rundunoni ga sauran 'yan wasa, kowa da tasa.
3. Babban kwamanda ya rubuta umarninsa a takarda, cikin jimla ɗaya ko biyu.
4. Ya miƙa takardar ga alƙalin wasa.
5. Alƙali ya jinkirta isar da ita gwargwadon nisan da ɗan aike zai yi a kan doki, misali zagaye ɗaya ga kowane santimita 60 na tebur.

Hattara: a nan ne ake yawan kuskure. Kada a bar 'yan wasa su yi shawara da baki sai idan mutum-mutumin kwamandojinsu suna haɗe a wuri ɗaya, domin jinkirin saƙo shi ne gishirin wasan.

6. Ƙaramin kwamanda ya ci gaba da bin tsohon umarni har sabo ya iso, ko da yana ganin lamarin ya sauya.
7. Idan babban kwamanda ya faɗi, a miƙa ragama ga mai bi masa a muƙami bayan zagaye ɗaya.