Yadda na nemi mai saurarona ta salula, da inda na yi tuntuɓe

A watan Satumba na 2020 ne kogin Isa ya ɓalle ya shigo mana unguwar Lamorde a Yamai. Gidanmu na laka ne, bai kai asuba ba. Ba mu rasa rai ba, alhamdu lillahi, muka kama haya a Talaje. Amma tun daga ranar, hadari na haɗowa sai gabana ya hau faɗuwa, in kwana zaune da takardun haihuwar yara cikin leda a kan cinyata. Damina uku ina haka. Na sha rubutu, na yi addu'a, har gobe ina yi. Wata abokiyar aikina a lakwal ce ta ja ni gefe ta ce, "Malama, wannan ciwon fa yana da masu shi."

Ki fara sanin wa kike nema. Sikiyatir likita ne, shi ke rubuta magani. Sikolog kuwa da magana yake aiki, kuma shi ne ake iya gani ta waya ba tare da matsala ba. In abin ya kai ga jin muryoyi, ko kwanaki ba ci ba barci, ko tunanin kashe kai, ajiye salula ki nufi babban asibitin Yamai, sashen da ake kira Pabiyon E. Kunyar a gan ki a can ba ta kai ranki ba.

Ni da Facebook na fara, kuma nan na yi asara. Wani mai kwat da murmushi ya ce in biya zama goma gaba ɗaya. Na tura. Zama biyu muka yi, duk labarin nasarorinsa ne, daga nan lambar ta daina shiga. Yanzu shawarata ita ce ki tambayi likita ko ungozomar asibitin unguwarku sunan sikolog da suka sani mai karɓar mutane ta WhatsApp. Jami'ar Abdou Moumouni tana koyar da wannan fanni, saboda haka ƴan gida suna nan. Duk wanda kika samu, tambaye shi inda ya yi karatu da inda yake aiki. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Kuma zama ɗaya, kuɗin zama ɗaya, ko ta Nita ko ta Airtel Money.

Sai maganar harshe, wadda ban ɗauke ta da nauyi ba sai da na gwada. Na yi zama da wata a Faransa, mutuniyar kirki, amma rabin lokacin ya tafi wajen bayyana mata dalilin da ba zan iya ce wa uwar mijina ta bar mini ɗakina ba. Ina koyar da Faransanci, amma kukana da Hausa yake fitowa. Wadda na tsaya wurinta daga baya Bahaushiya ce. Da na ce "zuciyata ta tsinke", ba ta nemi fassara ba. In wanda kika samu yana waje, kula da agogo: Dakar na bayanmu da awa ɗaya, Faransa na gabanmu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

A zaman farko ke ma tantancewa kike yi. Ya taɓa aiki da masu firgici bayan wani bala'i? Wace hanya yake bi? A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu ga irin ciwona: TCC, wato gyaran tunani da ɗabi'a, da kuma EMDR, wato tuna abin da ya faru ana motsa idanu hagu da dama. TCC muka yi. Takan ba ni aikin gida kamar ɗaliba: in rubuta abin da ya zo mini a rai da iska ta taso, da abin da ya faru a zahiri. Tambayi kuma ko ana naɗar maganar, da abin da za ku yi in rezo ya yanke a tsakiyar zance. Mu mun shirya ta kira ni kai tsaye.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne wurin zama. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, tari ma maƙwabciya na ji. Sai na mayar da shi ranar Laraba da la'asar, cikin ajina bayan yara sun watse, ƙofa a rufe, abin saurare a kunne, minti hamsin. Ki cika batir tun da safe, kar ki dogara ga kuran. In forfe ya yi ƙasa, kashe hoto ku ci gaba da murya.

A zama na huɗu na ji kamar abin ƙaruwa yake, har na yi niyyar bari. Ta ce hakan na faruwa in an fara taɓa wurin ciwon, muka rage gudu. Daminar bana ledar takardun tana cikin akwati. Nakan tashi in leƙa tsakar gida in ruwa ya yi ƙarfi, in koma in kwanta.