Yadda ake tara fayafayan jaz, a adana su, a kuma saurare su

Faifan garmaho roba ce mai siririn tsagi guda ɗaya a kowace fuska, wanda ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya, kuma duk kiɗan yana jikin bangon tsagin nan. Allura ce ke bi ta ciki tana karkarwa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gane rabin sha'anin, domin duk abin da ya shiga tsagin, ƙura ce ko maiƙon hannu ko allurar da ta dakushe, sai an ji shi a lasifika. A jaz kuwa abin ya fi fitowa fili, saboda kiɗa ne mai yawan sarari: wani wurin bes, wato babban kayan kiɗan tsirkiya mai kaurin murya, kaɗai ke tafiya, wani wurin buroshi ne ke shafar fatar ganga, babu hayaniyar da za ta rufe ƙarar datti.

A fara da garmahon kafin a sayi faifai ko ɗaya. Manyan fayafayai masu faɗin inci 12, waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a 1948, suna juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. Ƙananan masu inci 7 sau 45 suke juyawa. Tsofaffin masu nauyi da saurin fashewa kuwa sau 78, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri, don haka kada a ɗora musu allurar manyan. Garmahon da za a saya lallai ya kasance hannunsa yana da dunƙulen nauyi a baya wanda ake murzawa, kuma ana iya sauya masa allura. Waɗannan masu kama da ƙaramar akwati da lasifika a jikinsu suna danna allura da nauyin giram 5 ko fiye, ba a kuma iya rage shi. A bar su a kanti.

Wanda zai sayi na gwanjo ya duba bayan injin ya karanta abin da aka rubuta game da wuta. Na Amurka an yi shi ne don bolt 120 da wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa bolt 230 ce mai bugu 50. Taransifomar rage wuta tana gyara ƙarfin wutar kawai, ba ta gyara bugun. Idan motar garmahon irin mai bin bugun wuta ce, faifan zai riƙa juyawa kusan sau 28 a minti, ƙaho ya koma kamar mai jin barci. Irin wannan motar ce kuma ke sa sauti ya riƙa hawa da sauka idan ana kan janareta. Garmaho mai juya faranti kai tsaye ba tare da bel ba, mai daidaita gudunsa da kansa, irin Technics SL-1200 samfurin da ya fito a 1979, ba ruwansa da wannan matsalar. Gwajin gudu ba ya buƙatar na'ura: a manna ɗan farin takarda a bakin faranti, a ƙirga. Cikin minti 3 cif ya kamata ya wuce sau 100. Idan ya gaza a garmaho mai bel, galibi bel ɗin ne ya saki, zafi na kashe shi da wuri.

Saita nauyin allura shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ke raba faifan da zai shekara talatin da wanda zai lalace a shekara guda. A ajiye garmahon a wuri mai daidai, ba kan teburin da lasifika take ba, don kada girgizarta ta koma cikin allura ta zama gurnani. A mayar da ɗan maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili. A murza dunƙulen baya a hankali har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Daga nan a riƙe dunƙulen, a juya zoben lambobin kaɗai ya koma sifili, sannan a murza su tare zuwa nauyin da masu allurar suka faɗa. Audio-Technica AT-VM95E giram 2 take so, Ortofon 2M Red kuma giram 1.8. Sai a mayar da maɓallin hana zamewar kan lamba ɗaya da wannan nauyin. Mutane da yawa suna rage nauyi da tunanin suna tausaya wa faifai, nan kuwa allurar da ba ta zauna daram ba tsalle take yi a cikin tsagi tana dukan bangonsa, ɓarnarta ta fi ta wadda aka ɗan ƙara wa nauyi. Ƙaramin sikelin allura mai batir ba shi da tsada, kuma ya fi lambobin zoben gaskiya.

Allura ma tana da wa'adi. Irin ta AT-VM95E masu ita sun ce awa 300 ne. Alamar ta gaji ita ce a ji farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa suna "shhh" maimakon su yi ƙara tas, ko ƙaho ya riƙa tsagewa a waƙar ƙarshe kusa da tsakiyar faifai. A share ta da ɗan buroshinta daga baya zuwa gaba, kada a taɓa yin gefe da gefe. Idan an haɗa komai sai sauti ya fito can ƙasa-ƙasa, siriri babu bes, to an cusa wayar a ramin da ba nata ba: garmaho na buƙatar ramin da aka rubuta wa PHONO a bayan amfilifaya, wato injin ƙara sauti, ko ƙaramin akwatin ƙara sauti na musamman a tsakani. Idan kuma akwai gunji mai ɗorewa, siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaure a kusoshinta na bayan amfilifaya ba.

Sai sayen faifan. Kada a yarda da kwali, a zaro faifan a riƙe shi ta baki da tsakiya, a karkata shi a hasken tocilan ko na taga. Kwarzanen da ido ke gani amma farce bai ji shi ba yawanci ba ya ƙara. Wanda farce ya ji idan an shafa a hankali, za a ji "ƙas" a kowane juyi. Mafi muni shi ne wanda ba ya nuna kansa sosai: faifan da tsohuwar allura ta cinye, tsaginsa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Wannan ko an wanke shi sau goma ba zai dawo ba. A ɗora faifan a kan faranti a duba daga gefe ko ya lanƙwashe. A duba ramin tsakiya: idan takardar da ke kewaye da shi ta cika da zane-zanen ƙarfe, faifan ya sha kiɗa. Masu sayarwa a intanet, musamman a Discogs, suna amfani da haruffan daraja. NM kusan sabo ke nan, VG+ mai ɗan alamar hannu da ba ta hana jin daɗi, VG kuwa za a ji ƙara a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. Faifan piyano da bes da ganga kaɗai, kada a sauka ƙasa da VG+. A Legas akwai kantin Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi, inda mutum zai riƙe faifai a hannu ya duba kafin ya biya.

Akwai rubutu a filin da babu kiɗa tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, kuma nan masu tara fayafayai ke fara kai ido. A fayafayan Blue Note, kamfanin da Alfred Lion ya kafa a 1939, haruffan RVG ko sunan VAN GELDER na nufin injiniya Rudy Van Gelder ne ya yanka uwar faifan da hannunsa. Adireshin da ke kan takardar yana nuna zamanin bugu: 767 Lexington Ave ya riga 47 West 63rd, wannan ya riga New York USA, sannan sunan kamfanin Liberty ya bayyana bayan an sayar da kamfanin a tsakiyar shekarun 1960. Sanin wannan yana da amfani don kada a sayar wa mutum bugun baya da kuɗin bugun farko. Amma mai farawa bai kamata ya bi sahun bugun farko ba, kuɗin guda ɗaya zai sayi fayafayai masu yawa da sabuwar allura. Jerin Original Jazz Classics na shekarun 1980, wanda ya sake buga kayan kamfanonin Prestige da Riverside, yana da sauti mai kyau da sauƙin kuɗi. Bugun Japan ma robarsu shiru take. Abin gudu shi ne faifan da aka ɗauka da murya ɗaya sannan aka rubuta a kwalinsa cewa an sarrafa shi da lantarki ya zama sitiriyo, wato mai raba sauti hagu da dama. Sautinsa kamar daga cikin rijiya.

Duk faifan gwanjo a wanke shi kafin allura ta taɓa shi. Ana haɗa kashi 4 na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota amma wanda babu asid a ciki, da kashi 1 na sinadarin isopropyl, da ɗigo ɗaya tak na sabulun ruwa a cikin lita guda. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri a tsagi idan ya bushe. A shimfiɗa faifan a kan tawul mai tsabta, a shafa da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen tsagi, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Faifan 78 kuwa kada isopropyl ko sifirit ya kusance shi, narkar da shi yake yi.

Yanayinmu ba ya raga wa faifai. Da hunturu ƙura ce da wutar da ke taruwa a jikin roba, har ka ji faifai na ƙas-ƙas yana manne wa rigarsa, don haka a share shi da buroshin zaren kabon kafin kowane kiɗa, a rufe murfin garmaho bayan an gama. Da bazara, faifan da aka bari a mota ko kusa da taga awa ɗaya ta ishe shi ya kandare. Da damina fumfuna ke kama kwali ta shiga tsagi, gara kuma ba ta ƙin kwali. A jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani, kada kuma a bar su a jingine a karkace. Kantar ta ɗaga daga ƙasa, ta ɗan ja daga bango, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A sauya tsohuwar rigar takarda ta ciki da mai shimfiɗar leda.

Sauraron kansa yana da hanya, kuma wanda ya ce jaz hargitsi ne galibi ba a nuna masa inda zai riƙe ba. Yawancin waƙoƙin zagaye ne da ake maimaitawa: a kaɗa jigon waƙar tare, kowane makaɗi ya ɗauki zagaye ɗaya ko fiye yana ƙirƙirar nasa a kan wannan ginin, sannan a dawo jigo a rufe. Zagayen yakan zama gaɓa 12 ko gaɓa 32, kowace gaɓa bugu huɗu. A gwada da "So What", waƙar farko a faifan Kind of Blue na Miles Davis, na 1959. Bayan 'yar shimfiɗa, bes ɗin Paul Chambers ne ke faɗin jigo, sauran suna amsa masa da sauti biyu. A ƙirga gaɓa 16, za a ji duk kiɗan ya ɗan ɗaga sama na gaɓa 8, sannan ya sauko na gaɓa 8. Zagaye ɗaya ke nan, bai cika minti guda ba. Da an kama wannan ɗagawar, ba za a ƙara ɓacewa ba: Miles ya shiga, sai John Coltrane, sai Cannonball Adderley, sai Bill Evans a piyano, kowa a kan hanya ɗaya amma tafiyarsa daban. A saurari fuska guda sau uku, karo na farko gaba ɗaya, na biyu kunne na kan bes kawai, na uku kan farantin ƙarfen da mai ganga ke riƙe lokaci da shi.

Kunnen da ya saba da waƙa da amshi zai ji "Moanin'" ta Art Blakey, ta 1958, kamar gida, domin piyano ke bayarwa, ƙahoni na amsawa. Akwai kuma faifan da ya dace da kantar duk Bahaushe mai wannan sha'awa: Yusef Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har da nazarin sarewar Fulani, kuma a 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar nan.

Fayafayan da aka ɗauka a gaban jama'a su ne gada zuwa wasan zahiri. A Sunday at the Village Vanguard, wanda Bill Evans da Scott LaFaro da Paul Motian suka yi ranar 25 ga Yuni 1961 a wani ƙaramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa a New York, ana jin ƙarar kofuna da hirar mutane a bayan kiɗa. Wannan ba laifin faifai ba ne, kada a tashi wanke shi. A Ellington at Newport na 1956 kuwa, Paul Gonsalves ya busa zagaye 27 a jere, ana jin jama'a na ƙara tashi da kowane zagaye.

Wanda ya samu zuwa wasa, a bikin Saint-Louis na Senegal ne ko na Cape Town ko wani taron 30 ga Afrilu, ranar jaz ta duniya, ya nemi wurin zama a tsakiya, layi uku ko huɗu daga dandamali, nesa da bakin lasifika, inda zai ga hannun mai bes da fuskar mai ganga. Ana tafi bayan kowane makaɗi ya gama rabonsa, ko da waƙar ba ta ƙare ba, amma a taƙaita don kada a rufe shigowar na gaba. Lokacin da bes ya rage shi kaɗai a yi shiru, shi ne kayan da hira ta fi saurin binnewa. A kuma sa ido kan jagoran ƙungiyar kusa da ƙarshe: idan ya ɗaga yatsu huɗu, za su riƙa musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga, idan kuma ya dafa kansa, yana cewa a koma jigo.