Shawara ga masu ɗaukar hoto a gidajen kula da yara

Jama'a in za ku ɗauki hoton yara masu jinkirin fahimta a gidan da ake kula da su, ku kashe filasha.
Hasken na razana wasunsu, yaro ya rufe fuska ya ruga ɗaki, shi ke nan kun yi asarar kuɗin Keke Napep.
Ku zauna ƙasa kusa da taga da hantsi, ku bari su tattaɓa kyamarar tukuna, in sun saba sai su manta da ku, ku samu yaro yana shan kokonsa ko malama na ɗaura masa takalmi.
Amma in hazo ya rufe Katsina ɗakin kan yi duhu hoto ya fito dishi-dishi, sai ku jira su fito tsakar gida.
Kuma don Allah kar ku ɗora a Facebook sai iyayensu sun yarda.