Kurakuran da anka fi yi a OpenSCAD da yadda ake gyara su

Salamu alaikum ƴan uwa. Nan Yamai matasa da dama sun fara koyon OpenSCAD don zana ƙananan kayan gyara su buga da na'urar 3D, manhajar kyauta ce, amma kurakuran nan ɗaya ne kullum suke maimaituwa har mutum ya ɓata roba a banza, ga ta da tsada.

Wanda ya fi damuna shi ne ramin ƙusa. Ka rubuta cylinder(d=3, h=10) kana jiran rami zagayayye, sai ka ga abu mai kusurwa 5, don manhajar ba ta san da'ira ta gaskiya ba, gefuna take jerawa, kuma in da'irar ƙarama ce 5 kawai take ba ta. Sa $fn=60, wato yawan gefunan da'irar. Ko da hakan ramin zai ɗan matse saboda gefunan suna cikin da'irar ne, to raba faɗin da cos(180/$fn) sannan ka ƙara ɗan sarari kamar 0.2 saboda roba tana bazuwa in ta narke. Kuma don Allah a riƙa rubuta sunan kowace lamba kamar h=10, r=5, cylinder(10,5) ba bututu zai ba ka ba, mai tsini zai hito, don 5 ɗin ƙasa kawai ya kama.

Sai difference(). Na farko shi ake yanka, sauran su ne wuƙa. In tsawon wuƙar ya yi daidai cif da abin da ake hudawa, fuskokin suna haɗewa, hoton ya riƙa walƙiya in ka danna F5 don duba zanen, ba ka ma gane ramin ya hude ko bai hude ba. Ka tsawaita ta ta zarce da 0.01 kowane gefe, ka sa # gabanta ka ga inda take.

translate (matsarwa) da rotate (juyawa) kuma daga ciki ake karanta su, wanda ke kusa da abin shi ke fara aiki. Juya tukuna sannan ka matsar, in ba haka ba abin zai kewaya tsakiyar fili ya tahi wani wuri. Digiri ake sawa ba radiyan ba. Kar ka sa alamar ; bayan translate(), in ka sa umarnin ya mutu ke nan.

minkowski(), da ake zagaye kusurwa da ita, tana ƙara wa abu girma kuma tana da nauyi, in $fn ya yi yawa F6, mai haɗa zanen na ƙarshe, zai daɗe har a ɗauke kuran bai gama ba. Don zagaye kusurwar akwati hull(), mai lulluɓe abubuwa su zama jiki ɗaya, da silinda 4 ta isa.